Kafin Ka Tuɓe Riga a Gaban Likitan Biza

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida gwaggonka da mutanen gidanta da suka sauke ka a Kano. Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin sauƙi na gaskiya, ba irin sauƙin da kake faɗa mini a waya ba. Allah Ya tsare ka a hanyar Abuja ranar Litinin, Ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sa ka je a sa'a.

Labarin Babura ba zan ba ka ba, innarka ta fi ni iya wannan. Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina alhali ga waya a aljihun kowa. Ka san dalili. Kai ne ɗan fari, kuma yadda muka taso, uba ba ya zaunar da ɗan fari yana yi masa tambayar ƙwaƙwaf. Ranar da aka yi maka tiyata a Kazaure, da aka ce afendis ɗin ya riga ya fashe sai an buɗe cikin sosai, kowa ya shiga ya gan ka ban da ni. Ina gindin darbejiya a waje ina jan carbi, wanda ya fito in tambaye shi. In na kira ka a waya na ce yaya jiki, ka ce da sauƙi, na ce madalla, magana ta ƙare. Abin da baki ya kasa shi zan ɗora wa biro.

Ban yarda ka warke ba. Gara in fara da wannan tunda shi ya hana ni sakat. Mako bakwai ke nan da aikin, kana ta nuna wa mutane ka miƙe garau, amma ni ina bayanka a sahu ranar Juma'a kafin ka tafi Kano. Na ga yadda ka yi ruku'u, hannunka na dama ya fara zuwa gefen ciki kafin ya sauka kan gwiwa. Na ga ka daina sa ƙananan rigunanka, sai manyan nan da ba ka so a da. Innarka ta ce yanzu kai kake wanke singiletinka da kanka, kai da ko hularka sai an wanke maka. Sannan ranar da za ka tafi ka sunkuci buhun dusa ka kai garke ba wanda ya sa ka, ka waiga ka ga ko ina kallo. Ina kallo. Na kuma ga ka jingina da bango bayan ka ajiye. Mai lafiya ba ya neman shaida, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Ga shi ranar Talata za ka tsaya a gaban likitan da ofishin jakadancin ya amince da shi, wanda sai ya sa hannu za a ba ka bizar zuwa aikin nan na gonar shanun madara a Turai. Shekara biyu kana bin wannan hanya. Ina tsoron za ka ɓata ta da bakinka a cikin minti ɗaya, domin na san wanda ya taɓa yin haka, kuma shi ne yake rubuta maka wannan takarda.

Kun taso kuna jin cewa an taɓa zaɓa ta zuwa kwas a ƙasar waje kan kiwon shanu, aka yi mini ƙafar ungulu aka ba wani. Haka na gaya wa innarka, haka na gaya muku. Ba haka aka yi ba.

Lokacin ina sabon malamin dabbobi, kana ciki ba a haife ka ba. Mu biyu aka tantance a ma'aikatarmu, ni ne na ɗaya, Malam Sule mutumin Roni yana bi na. Saura gwajin lafiya kawai a Kano. Ana cikin haka ciwon ƙaba da na daɗe ina ɓoyewa ya murɗe ni a tsakiyar kara, kasuwar shanu, aka kwashe ni sai asibiti, aka yi mini aiki. Ka san yadda mutanenmu suke da wannan ciwo, abin tsokana ne a majalisa, ga ni ango. Sai na sa aka ce na tafi rigakafin shanu wajen Gwiwa. Innarka da kawuna kaɗai suka san inda nake kwance.

Kuskurena na farko gaggawa. Likita ya ce kada in hau babur, kada in ɗauki abu mai nauyi, sai ya sake gani na ya ba ni izini. Kwana goma sha biyu na yi na ga ana fara tambayar wane irin rigakafi ne ba ya ƙarewa. Na buga babur na zaga kasuwa, na bi hanyar Roni mai duwatsun nan don kawai a gan ni a kai. Na dawo na tarar gefen ɗinkin ya buɗe yana ruwa. Maimakon in koma asibiti, kunya ta sa na kai wa kawuna kuka, shi kuma ya ce a gasa da ruwan zafi a barbaɗa garin bagaruwa. Sama ta bushe, ƙasa tana ruɓa. In zazzaɓi ya taso in haɗiyi ƙwaya in fita ina dariya.

To kai ma na ji ƙarar ƙwayoyi a aljihunka, kuma ban yarda duka likita ne ya rubuta su ba. Wanda mai kemis ya ba ka don ka iya tafiya a miƙe, ka daina sha haka kawai. Maganin kashe zafi ba ya kashe ciwo, rufe masa baki yake yi. In wurin yana ruwa, ko yana zafi in ka taɓa, ko jikinka yana ɗumi da yamma, ka sa gwaggonka ta kai ka asibiti a can Kano kafin Litinin. Kuma motar Abuja, ka nemi gidan gaba, kada a cusa ka baya a ɗora maka kayan wani a cinya ka yi shiru don kada a ce kai rago ne.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya kashe ni. Na je Kano ranar gwaji, aka ba ni fom, akwai wurin da aka tambaya ko an taɓa yi maka tiyata. Na rubuta a'a. A tunanina awon lafiya bai wuce a duba ido, a saurari ƙirji, a ɗauki hoto a sallame ka ba. Likitan wani dattijo ne mai sanyin magana. Ya sake tambaya ta da baki, na sake cewa a'a. Sai ya ce in hau gado in sassauta tazuge. Abba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ɗaga tsumman da na ɗaure wurin da shi, ya danna da yatsa biyu, abin da ya fito ba sai na faɗa ba. Bai yi faɗa ba, ina ma ya yi. Ya wanke hannu ya zauna ya dube ni.

Ya ce, “Malam, da ka gaya mini, da na rubuta a jira ka ka warke ka dawo. Yanzu sauran amsoshin nan naka, wanne zan yarda da shi?”

Ya rubuta abin da ya gani, ya rubuta abin da na ce, ya haɗa su a ambulan ɗaya. Bayan mako uku aka kira Malam Sule.

Abin haushin, ni na fi kowa sanin yadda zuciyar mai dubawa take. Shekara talatin da ɗoriya ina duba shanun da ake shigowa da su karar Babura daga Nijar da rugagen nan. Na ga dillalin da ya shafe gyambo da taɓo. Na ga wanda ya yi wa gurguwar saniya allura da asuba don ta tsaya daidai zuwa azahar. Na ga masu cusa marar lafiya a tsakiyar garke don ido ya gaji kafin ya kai kanta. In makiyayi ya tare ni ya ce, ga wannan ta ji ciwo a ƙafa, ga maganin da aka yi mata, nakan duba in ce ya wuce, ko in ce ya dawo da ita wata kasuwar. Amma in da kaina na tono abin da aka ɓoye, garken nan duka sai ya tsaya, har lafiyayyun sai na buɗe musu baki ɗaya bayan ɗaya. Ciwon ba shi yake tsayar da garke ba, ɓoyewar ce. Likitan da za ka gani ranar Talata aikinsa ke nan, kuma ya ga masu wayo da suka fi ka.

Saboda haka in aka tambaye ka, ka ce e, an yi mini aiki. Ka faɗi wane iri, ka faɗi yaushe, ka faɗi a wane gari. Ka ce afendis ɗin ya fashe kafin a cire, ka ce ɗinkin ya yi ruwa daga baya. In an ƙara maka jini ka faɗa. Ka zube duk magungunan da kake sha a kan teburinsa, har na mai kemis ɗin, tunda jininka da fitsarinka za a auna, su kuma ba su san kunya ba. Kada ka yi masa irin amsar da muke yi wa mai gaisuwa. Da sauƙi amsar maƙwabci ce, ba ta likita ba.

Kuskure na uku ya fi sauran muni a wurin Allah. Da na dawo gida ban iya cewa ƙarya na yi aka kama ni ba, sai na ce Malam Sule yana da hanya a sama. Na faɗa sau ɗaya, na ga an tausaya mini, na ci gaba da faɗa har ni ma na fara jin haushinsa da gaske. Mutumin nan ya dawo daga kwas ya kawo mini tsarabar agogo, na ƙi karɓa. Mun yi shekaru muna haɗuwa a taro ina ba shi hannu da ƙyar, shi kuma bai san me ya yi mini ba. Ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Na je Roni jana'izarsa na tsaya a sahun baya, ban taɓa neman gafararsa ba. Wannan abu yana ci na har yau, kuma kai ne mutum na farko da na gaya wa. In ka yi ƙarya ranar Talata aka mayar da kai, ba a nan za ta tsaya ba. Za ka dawo ka nemi wanda za ka ɗora wa, ka ce Turawa ba sa son mu, ko wani ya yi maka baki, ka rayu kana ciyar da wannan magana kamar yadda na yi.

Yanzu bari in zo kan mutumin nan naka mai haɗa takardu, Alhaji Nababa. Sau ɗaya na gan shi, ranar da ya zo duba ka a Kazaure, kuma sau ɗayan ya ishe ni. Mutum ya zo dubiya bai tambayi yadda aikin ya tafi ba, tambayarsa ta farko yaushe za ka iya tafiya. Yana gaishe ni yana ranka ya daɗe, idonsa yana kan wayoyinsa biyu. Innarka ta ji ku ran nan da ka sa wayar a fili kana cin tuwo. Ta ce ya gaya maka kada ka tayar da maganar tiyata, in an ga tabo ka ce tsohon abu ne tun na yarinta, kuma in ka nemi a ɗaga ranar gwajin za a ba wani gurbinka. Ita ba ta gane nauyin maganar ba, ta faɗa mini tana tankaɗe. Ni kuwa na ji kamar kawuna ne ya dawo duniya da garin bagaruwarsa.

Ka tambayi kanka, in aka kama ka, sunan wa ke kan fom ɗin? Hannun wa ke ƙasansa? Shi aikinsa ya ƙare ranar da takardunka suka shiga, ya juya ga na gaba. Ba shi za a rubuta wa maƙaryaci a na'urar da ba ta mantuwa ba. Ban ce ɓarawo ne ba, ban kama shi da komai ba. Na ce dai ya yi mini kama da dillalan da na sani, masu son a yi ciniki kafin rana ta yi zafi allura ta saki saniya. Maganar gurbi kuma, kada ka karɓa daga bakinsa. Kana da adireshin mutanen gonar a wayarka. Ka rubuta musu da kanka, ka ce an yi maka tiyata kana murmurewa, ka ji abin da za su ce. In ya hana ka rubuta musu, to biri ya yi kama da mutum.

Don kada ka ce tsoho yana auna zamaninku da nasa, ranar Laraba na hau mota na je Kazaure wurin likitan da ya yi maka aikin. Na zauna a layi kamar marar lafiya har aka kira ni. Na tambaye shi ko wannan tiyata za ta hana ka biza. Ya ce shi ba ma'aikacin ofishin jakadanci ba ne, kowace ƙasa da dokarta, ba zai yi mini alkawari ba. Amma ya ce abin da aka fi nema a irin wannan gwaji shi ne cuta mai yaɗuwa kamar tarin fuka, da ciwon da zai zama nauyi mai tsawo a kan asibitocinsu. Afendis da aka cire aka warke ba ya cikin waɗannan a saninsa. In ɗinki bai gama kamewa ba, ko an ga alamar ƙwayar cuta a jini, abin da aka saba yi shi ne a nemi rahoton wanda ya yi aikin, ko a ce mutum ya je ya dawo. Jinkiri ne, ba kora ba. Ya ce ana iya neman a ɗaga ranar ma tun kafin a je. Shi ma ban sake masa ba, na juya tambayar na sake yi ta wata fuska kamar yadda nake yi wa makiyaya, amsarsa ba ta canza ba.

Da na tashi tafiya na roƙe shi ya rubuta maka rahoton. Sai ya dube ni da mamaki.

Ya ce, “Baba, ai na ba shi tun ranar da ya zo wankin ciwo na ƙarshe. Na kuma ce ya dawo bayan mako ɗaya don wurin bai yi mini ba. Bai dawo ba.”

Na dawo gida na shiga ɗakinka, abin da ban taɓa yi ba tun da ka girma. Ban sha wahalar nema ba. Rahoton, da katin asibitin, da takardar sallama, duk suna cikin tsohuwar jakar makarantarka a bayan ƙofa, an naɗe su a leda da kyau. Ka ɗauki fasfo, ka ɗauki hotuna, ka ɗauki takardar haihuwa, har burushin haƙori ba ka manta ba. Waɗannan ba mantawa ka yi ba, Abba. Barin su ka yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ban taɓa jin zafin wannan karin magana ba sai ranar nan.

Tunda na zargi Alhajinka, na zargi likita, na zarge ka, adalci ne in gaya maka ka zarge ni ni ma. Ranar Laraba na sami takardun nan, yau Asabar. Kwana uku suna cikin akwatina. Direban da zan ba wa saƙo kullum yana wucewa ta ƙofar gidan nan, ina ɗaga masa hannu ina barin sa ya wuce. Zuciyata ta riƙa ce mini, ƙyale shi ya je ya yi ƙaryarsa a kama shi, ya dawo. Gwiwoyina sun gaji, shanun nan suna bukatar mai ƙarfi, innarka tana kuka a ɓoye tun da aka fara maganar tafiyar. In aka mayar da kai ba laifina ba ne, ni dai shiru na yi. Na kwana uku da wannan tunani, kuma ya yi mini daɗi, shi ne abin da ya tsorata ni. Ba na son ka tafi. Ban taɓa faɗa maka ba, ga shi na rubuta. Amma da in gan ka kullum a tsakar gidan nan kana ɗauke da irin abin da na ɗauka, gara in riƙa jin muryarka daga nesa.

Ga takardunka nan cikin ambulan ɗin, ban rage ko ɗaya ba. Na cire hannuna, saura kai. In an ce ka je ka warke ka dawo, ka ce to, ka dawo gida mu yi jinyar da ya kamata a yi tun farko, wannan karon kuma ni zan kai ka wankin ciwon, in shiga har ciki. In an ba ka, ka tafi da albarkata, ba na bin ka da komai a zuciya. In kuma ka faɗi gaskiya aka hana ka duk da haka, ka dawo kai a ɗage, ni zan tare ka a tasha.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya kame wannan ɗinki ciki da waje. Allah Ya tsare tafiyarka da dawowarka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba, Ya ƙarfafa harshenka a lokacin da za a yi maka tambayar nan. Ka sa Malam Sule a addu'arka, ka roƙa mini gafarar abin da na yi masa.

Wassalam.

Mahaifinka,
daga Babura.